Ciwon da Ba Ya Warkewa Sai a Ɗakin Daado

Daado tana goga farcenta a gefen dutsen niƙa, a hankali, kamar mai lallashin wuƙa ta daina kaifi. Farce ɗaya tak, na manuniyar hannun dama. Sauran ta bar su yadda Allah ya so, da ƙasar gona da baƙin tukunya a ƙarƙashinsu, amma wannan ɗaya kowace safiya sai ya sha dutse, ya sha toka, ya sha ruwan zafi, sannan ta ɗaga shi sama ta dube shi da ido ɗaya. Asuwaki na rawa a gefen bakinta. Ni kuwa ina tsugune gaban murhunta da kaskona, na zo ɗiban wuta, yadda na saba tun da aka kawo ni gidan da ke jingine da nata.

"Bona, wutarki ta sake mutuwa?"

"Ta mutu, Inna."

"Wata rana ni zan mutu, ku ci ɗanyar doya."

Gaisuwarmu ta safe ke nan, kuma ba ta taɓa canzawa ba.

Kafin rana ta hau kan kaɗanyar da ke ƙofar gida, mata sun jeru a gindin katanga, kowace da goyonta. Daado ba boka ba ce, ba kuma ungozoma ba ce, ko da yake ta yanke cibiya ba adadi. Aikinta bakin yara. A garinmu Deriparu, duk wanda ka gani yana gatsar rake, ko yana yage nama ranar suna, wannan yatsa ya taɓa shiga bakinsa, kuma da yawansu sun cije shi.

Magungunanta ba su wuce abin da ke madafar kowa ba. Dasashi ya kumbura, man kaɗanya. Yaro na ƙaiƙayin haƙori yana cizon nono, a ba shi ƙashin haƙarƙarin akuya da aka tafasa aka kankare, ko cokalin da ya kwana a gindin randa ya yi sanyi. Cikinsa ya ɓare, a tafasa ruwa a sa ɗan gishiri da ɗan sukari a yi ta ɗiga masa, kuma kada a janye nono. Matan ba su cika gamsuwa ba, domin duk suna da waɗannan abubuwa a gida. Sai ta riƙa haɗa musu da zagi, sannan su tafi hankalinsu kwance.

Wannan ɗan sukari na ruwan gudawa shi ne kaɗai sukarin da ta yarda ya shiga bakin yaro. Tun da wani baƙo, ɗan ƙabilar Dendi, ya buɗe kanti a bakin kasuwa ya fara kawo na ƙwaya a kwali, iyaye suka gano cewa ƙwaya ɗaya tana kashe kuka fiye da waƙa goma, ita kuma ta fara ganin haƙoran gaba suna cinyewa kamar itacen da gara ta samu. In aka kawo mata irin wannan yaro, ba ta taɓa shi sai an kira uban. Shi zai riƙe yaron a cinya, ita ta cusa garin kanumfari a ramin. Ta ce kukan ya fi amfani a kunnen wanda ya sayo kwalin.

Kununta kuwa sunansa ya kai har birnin Nikki. Dawa ce, da gyaɗa, da garin kuka, da ƙananan busassun kifi da take dakawa har ƙaya. A wurinmu ba a ba yaro ƙwai, don kada ya girma ɓarawo, kuma Daado ta fi kowa faɗin haka da babbar murya. Tana da kaji da yawa waɗanda, a cewarta, ba su taɓa yin ƙwai ba. Kunun dai rawaya ne. A cikin waɗanda suka sha shi mutum ɗaya kaɗai aka taɓa kamawa da sata, shi ma a wurin ubansa ya gada.

Ita ce ta biyar a 'ya'ya matan uwarta, abin da sunan nata yake nufi ke nan. Ta binne maza biyu, na farko zazzaɓi ya kashe shi, na biyu taurin kai, domin ya hau itace cire zuma da furfura a kansa. Haƙoranta duk suna nan sai ɗaya, wanda tsakuwa ta fasa a cikin shinkafar wani biki. Matar da ta dafa shinkafar ta rayu shekaru bayan haka ba tare da Daado ta amsa gaisuwarta ba.

Amma ba don kunu ko man kaɗanya mata suke jeruwa a gindin katangar nan ba.

A ƙasarmu ta Bargu haƙori yana da hanya. Na ƙasa ne suke fara fitowa. Yaron da ya fara da na sama, aka ce, ba don zama ya zo ba, ya zo ne ya ci gidan ubansa, mutum bayan mutum. Abin da kakanni suke yi da irin wannan yaro ba a faɗinsa da rana. A zamaninmu an sassauta: sai a kai shi ruga a ba Fulani, su raine shi a bayan shanu, kuma ba ya dawowa, ba a ambaton sunansa, uwarsa ta ɗaure ƙirjinta da zane har nonon ya ƙafe. Shi ya sa da yaro ya fara dalalar da yawu, uwar ba ta ƙara samun barci mai nauyi. Wadda ke dubawa ta faɗa wa dattawan gida abin da ta gani ita ce mai duba baki, kuma kafin Daado, goggonta ce ke riƙe da wannan aiki.

Goggon mace ce mai gaskiya. Abin da yatsanta ya taɓa shi bakinta ke faɗi. Sau ɗaya, Daado tana sabuwar amarya, ƙafar goggon ta yi ciwo, aka ɗora wa Daado wata yarinya a baya ta kai ruga. Ta ba ni labarin sau ɗaya ita ma, muna ɓarar gyaɗa, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce yarinyar barci ta yi duk hanya, da kuncinta a tsakanin kafaɗunta. Da ta kwance goyon ta juyo, iska ta bugi wurin da yarinyar ta kwanta, gumin ya huce. Ta ce wurin nan bai ƙara yin ɗumi ba, ko da ta goyi nata.

Shekarar da goggon ta rasu aikin ya dawo hannun Daado, kuma tun daga shekarar ba a ƙara samun yaron da ya fara da na sama a Deriparu ba. Garuruwan da ke kewaye da mu ana samu. Mu babu. Wasu suka ce ruwan rijiyarmu ne, wasu suka ce kakanninmu ne suka fi na wasu kula da aikinsu.

Sai dai a wannan shekarar ce kuma wani ciwo ya ɓullo, wanda ba a san shi a ko'ina ba sai a garinmu. Ana ce masa baƙin baki. Jarirai yake kamawa, daidai lokacin haƙori. Daado za ta sa yatsa, ta ɗan yi shiru, ta ce, "Baƙin baki ne." Nan take ta shafe dasashin da leɓɓan da gawayin ɓawon kaɗanya da aka kwaɓa da mai, ta shigar da uwa da ɗa ɗakinta na ƙurya, ta saki asabari. Mace ba ta ɗaukar ciwon. Amma namijin da ya leƙa bakin mai baƙin baki, haƙoransa za su zube kafin kaka ta zagayo, ɗaya bayan ɗaya, kamar 'ya'yan kaɗanya a farkon damina. Ba a taɓa samun wanda ya gwada ba. Wani yaron yakan warke kafin kasuwa ta zagayo sau biyu, wani sai wata ya mutu wani ya tsaya. Amma duk wanda ya fito daga ɗakin yana fitowa da haƙora sama da ƙasa, kuma haƙori ba ya ɗauke da shaidar wanda ya riga wani.

'Yata ta biyu ta yi wannan ciwo. Yanzu tana birnin Paraku da 'ya'yanta, tana sayar da atamfa.

Shekarar da nake son ba da labarinta, damina ta yi yawa har doya ta ruɓe a cikin ƙasa. Wata safiya, layin ya ƙare, na ga mace ɗaya ta rage a gindin katanga ba ta kwance goyonta ba. Buyon ce, matar Sabi, surukar tsoho Gunu. Yarinya ce doguwa mai ƙarancin magana, ta yi ɓari sau biyu kafin ta samu wannan ɗa, Woru, wanda kunya ba ta barinta ta kira sunansa.

"Ke, sanda kika haɗiya? Kawo shi."

Buyon ta kwance majanyi. Yaron ƙato ne, mai kumatu, ya ga Daado ya washe mata baki tun ba a roƙe shi ba. Ba sai an sa yatsa ba ma. Biyu ne a sama, farare, kamar ƙwayoyin shinkafa da aka dasa a jan ƙasa. Ƙasa kuwa sumul.

Daado ta sa yatsan duk da haka, ta yi shirunta.

"Baƙin baki ne," ta ce. "Wa ya gani?"

"Ba kowa, Inna. Tun shekaranjiya nake juya fuskarsa bango."

"Shi kuma yana ta yi wa bango dariya. Bona, miƙo mini kaskon can."

Da la'asar labari ya kai gidan Gunu, aka aiko da tabarma da ƙwaryar dawa, yadda aka saba. Sabi ya zo ya tsaya can nesa da ƙofa, hannunsa a kan bakinsa, ya tambayi lafiyar mai jiki ta bayan katanga. Komai ya bi hanyarsa.

Sai dai na ƙasan suka ƙi fitowa.

Daado ta yi duk abin da ta sani. Ta murza dasashin da yatsa safe da yamma. Ta ba shi ƙashin akuya, ya sa shi a sama. Ta ba shi cokali mai sanyi, ya jefar. Ta ba shi tsinken busasshen nama ya tsotse shi fes ya nemi ƙari. Ta cika uwar da sakwara da miyar zogale da wagashi, cukun Fulani, har kumatunta suka fito. Yaron ya yi ƙiba, ya fara rarrafe, ya koyi jan asabari. Na sama biyu suka ƙara tsawo, wasu biyu suka leƙo a gefensu. Na taɓa shiga na tarar da ita ta durƙusa gabansa, ta ja leɓensa na ƙasa, tana magana da dasashin.

"Ku kuma me kuke jira? A aiko muku da doki?"

A can gidan Gunu kuwa abubuwa suna ta lalacewa. Doyarsa ta fi ta kowa ruɓewa. Ƙaninsa ya kwanta da ciwon ciki bai tashi ba. Ƙafarsa ta hagu ta kumbura har takalmi ya daina shiga. Ya je wurin mai duba, aka watsa wuri, aka ce masa ya daina neman abin a waje. Gunu ba mugu ba ne. Tsoho ne da ya ga gidansa na raguwa, ya zauna yana lissafin wanda zai biyo baya, kuma duk inda ya fara lissafin a kansa yake ƙarewa.

Shi da Daado taubasai ne, ɗan kawunta ne, saboda haka tun suna yara ba su taɓa yi wa juna magana mai daɗi ba. Ya zo wata yamma yana dogara sanda, ya tsaya a tsakar gidanta.

"Tsohuwar banza, ina jikana?"

"Yana inda ka bar shi, mai ƙafar giwa. Ciwo bai sake shi ba."

"Ciwon nan ya daɗe."

"Kai ma ka daɗe, wa ya kore ka?"

"Zan duba bakinsa."

"Duba mana. Kafin kaka haƙoranka su zube."

Gunu ya jingina sandarsa da turmi. Ya sa yatsu biyu ya buɗe bakinsa, ya juya mata shi dama da hagu, yadda ake nuna wa mai saye cikin tukunya. Babu ko ɗaya. Na ƙarshen ya faɗi tun bara, a cikin loma.

Daado ta tsaya tana kallon bakin nan. Shekaru fiye da talatin ciwonta na tsare ƙofar nan, bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa wata rana za a samu namijin da ba shi da abin da zai yi asara.

"Washegarin kasuwa zan dawo," in ji Gunu. "Na aika wa Yero a ruga, zai zo. In na ƙasa ne, ya sha ruwa ya koma." Ya ɗauki sandarsa. A bakin ƙofa ya juyo, muryarsa ta sauka. "Daado, mutanena suna ƙarewa."

Buyon ta ji komai ta bayan asabari. Da muka shiga tana zaune, yaron a cinyarta, ta riƙe kansa da hannu biyu.

"Inna, ki cire su."

"In cire me?"

"Na saman. Wanzami yana da awartaki, ki aro. In babu ko ɗaya a bakin, ba wanda zai ce komai. Zai yi kuka ya gama."

"Ya gama, ai kuwa. Na ga wanda aka yi wa haka a wani gari. Jinin bai tsaya ba sai da yaron ya tsaya." Daado ta karɓe shi daga hannunta. "Kuma ko ya rayu, rami huɗu a dasashi, kina tsammani surukinki makaho ne? Ƙafa ce ta kumbura, ba ido ba."

"To in gudu da shi."

"Ki je ina? Gidanku? Ubanki ba Babarge ba ne? Shi ma yatsa gare shi."

Buyon ta kifa kai a gwiwa. Ba ta yi kuka da sauti ba, kafaɗunta ne kawai suke motsi. Yaron ya miƙa hannu ya kama ɗankwalinta ya sa a baki.

"Tashi ki ci abinci," in ji Daado. "Nono ba ya son baƙin ciki."

Ranar kasuwa ta zo ta wuce. Washegari da na shiga da kaskona, Daado ta riga ta duba. Na dube ta, ta girgiza kai. Ta ɗora kunu a wuta kamar kullum, ta sallami matan da suka jeru, ta ce yau yatsanta na hutu.

Hantsi ya ɗaga suka iso. Yero, Bafulatanin, ya zauna a gindin kaɗanya da sandarsa a kafaɗa, ya kawo matarsa da sabon majanyi a naɗe a kan ƙwarya. Gunu ya shiga ɗakin ƙurya, ya zauna a kan kujerar tsugunno ya miƙe kumburarriyar ƙafar. Sabi ya tsaya a bakin ƙofa ta waje, rabin jikinsa a bayan asabari, tafin hannunsa a kan bakinsa. Ni ina gefe, don ba wanda ya ce in fita. Buyon ta durƙusa ta gaida surukinta.

Daado ta ɗauki tsumma ta jiƙa a ruwan ɗumi. Ta goge baƙin da ke leɓɓan yaron, ta goge dasashin, ta goge haɓar, a natse, kamar mai shirya shi zuwa biki. Sannan ta ɗora shi a cinyar Gunu.

"Ga shi. Kafin ka duba, gyara zama, kana kan wurin Ganigi."

Ganigi ita ce uwar Sabi, ta rasu shekaru kaɗan kafin wannan.

"Wane wurin Ganigi?"

"Nan take shimfiɗa tabarmarta. Ka manta? Shekarar fari, lokacin da wancan mai toshe baki yake kamar wannan. Baƙin baki ya kama shi. Wata ya mutu, wani ya tsaya, suna nan ɗakin. Kai kana zuwa bayan katanga kana tambaya, da hannunka a baki, lokacin kana da abin karewa."

Gunu ya waiwaya ya dubi bakin ƙofa.

"Nasa ma sun yi taurin kai," in ji Daado. "Gadon gidanku ne."

Ana jin kunun yana tafasa a waje. Na ga hannun Sabi ya sauka daga bakinsa. Na ga harshensa yana bin bayan leɓensa na sama, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan.

Gunu ya ɗaga kai ya dubi ɗansa. Wannan ɗa shi ne bai tafi birni ba da 'yan'uwansa suka tafi. Shi ke tara masa kunyar doya, shi ke ɗaukarsa a keke zuwa wurin mai magani, shi ke yanka masa nama ƙanana-ƙanana tun da haƙoran suka ƙare. Tsohon ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce:

"Shi ya sa Ganigi ta mutu."

"Ganigi maciji ya sare ta a gonar rogo, da jikoki a bayanta."

"Duk da haka."

"Wato ya sha nononta, ya ci tuwonta, ya bari ta yi masa aure, ta yi furfura, sannan ya tuna aikin da ya kawo shi? Wannan maye malalaci ne, Gunu. Da ni ce ubansa da na kore shi."

"Kada ki yi mini wasa."

"Ba wasa nake ba." Ta zauna a ƙasa gabansa, abin da ban taɓa ganin ta yi wa namiji ba. "Ka duba, ka faɗi abin da ka gani. Yero na waje. Amma in ka faɗa, majanyi ɗaya ba zai isa ba. Ka fara da wancan na bakin ƙofa. Daga nan mu bi gari gida-gida, ni zan nuna maka, ban manta ko ɗaya ba. Akwai mai yi muku limanci. Akwai wadda ke dafa wa sarki. Akwai wanda ya haƙa kabarin ƙaninka. Sai ka tambayi Yero ko shanunsa za su ishe su."

Na san gidana yana cikin gidajen da za su tsaya. Kuma na san abin da ta ajiye a gabansa. In ya fita ya yi magana, ba Woru kaɗai zai tafi ba. Ɗakin nan ya rufe ke nan, kuma duk yarinyar da za ta zo gindin katanga da goyon da ba ta son kwancewa, ba za ta tarar da kowa ba.

Shi kuwa yaron bai san ana yi ba. Ya kama gemun kakansa yana ja, yana wani gurnani na jin daɗi. Gunu ya sunkuya. Bai buɗe bakin ya duba ba. Ya ɗaga yatsansa, mai kauri, mai faso, ya sa a hankali.

Woru ya datse shi.

Tsohon ya zabura, ya ce wata kalma da ba a faɗi gaban suruka. Ya zaro yatsan ya kai kusa da idonsa. Ga sawu nan a jere a bayan farce, gefe ɗaya kawai, ɗaya har ya yi ɗigon jini. Duk wanda ke ɗakin ya ga ko wane gefe ne. Ya juya yatsan, ya dubi cikinsa inda babu komai, ya sake juyawa. Yaron ya yi masa dariya da duk abin da yake da shi.

Gunu ya sa yatsan a bakinsa ya tsotse jinin. Ya goge a riga.

"Daado."

"Ina jin ka."

"Ciwon nan, har yanzu yana kama maza?"

"Yana kamawa."

"To wancan sakaran me yake yi a bakin ƙofa? Kai, Sabi! Ja da baya, kana so ka dawo kamar ni?" Ya miƙa wa Buyon yaron ba tare da ya dube ta ba. "Ke kuma riƙe shi. Bai warke ba. Kada a fito da shi sai ya warke." Ya juya ga Daado. "A ƙara baƙin nan, kin cika rowa. Ko gawayin ma saye kike yi?"

"Naka ne ya ƙare a gida da za ka koya mini?"

Buyon ta rungume yaron ta juya fuskarta bango, wannan karon kafaɗun da sautin duka. Gunu ya fara laluben sandarsa, ya kasa tashi, ya ƙi a taimake shi. Daado ta dafa gwiwa ta miƙe, ƙasusuwanta suna ƙara. Ta tsaya ta shaƙi iska.

"Bona, kina zaune kunu na kamawa?"

"Ban ji ba, Inna."

"Ba kya ji, ba kya gani, wutarki ba ta kwana." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Bari in je in ba Bafulatanin nan ruwa ya kama hanya, tun rana ba ta yi ba."

Ta ɗaga asabari, ta ture Sabi gefe da gwiwar hannu, ta fita.